Girkin Kiyo ba siddabaru ba ne, a aji ake koyon sa

Duk wanda ya kalli 'The Makanai', shirin da darakta Hirokazu Kore-eda ya fitar a Netflix a 2023, ya san yadda yawu ke tsinkewa. Jaruma Nana Mori ce ta fito a matsayin Kiyo, 'yar shekara 16 da ta je birnin Kyoto koyon rawar gargajiya, rawar ta gagare ta, sai ta koma mai dafa wa 'yan gidan abinci. Ba wani girkin otal ta ke yi ba. Shinkafa ce da kaza da ƙwai, irin na uwa a gida.

To, ashe wannan girki ma ajin sa ake shiga a Japan. Matasa da dama a can su kaɗai su ke zaune a birni, abincin kanti su ke saye dare da rana, har ɗanɗanon girkin tsohuwa ya na neman ɓace masu. Shi ya sa makarantu irin ABC Cooking Studio, wadda aka kafa a 1985, su ke da ajin 'yan koyo, inda mutum huɗu ko biyar ke kewaye malama ɗaya.

Darasin farko shi ne riƙe wuƙa: a dunƙule yatsun hannun da ke dafe da albasa kamar ƙafar kyanwa, don kada a yanke. Sai wanke shinkafa, a jiƙa ta kamar minti 30 kafin a ɗora.

Daga nan sai 'dashi', wato romon da kusan duk miyar su ke tsayawa a kan sa. Busasshen ganyen teku ne da ɓarzajjen busasshen kifi kawai, amma in ruwan ya tafasa da ganyen a ciki, romon ya lalace. A wannan ganyen ne masani Kikunae Ikeda ya gano ɗanɗanon 'umami' a 1908. Akwai kuma 'miso', ruɓaɓɓen waken suya mai kama da daddawa, wanda ba a sa shi sai an kusa saukewa, don tafasa na kashe masa ƙamshi.

Hatta zuba kayan ɗanɗano da layin sa: sukari, gishiri, ruwan tsami, miyar waken suya, sannan miso. Dalili? In gishiri ya riga shiga, sukari ba ya ratsa abinci. Burin ɗalibi shi ne ya iya haɗa faranti na gargajiya: shinkafa, miya ɗaya, mahaɗi uku. Wannan al'adar abinci ce UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013.

Sai dai a yi hattara. Girkin su kan sha 'mirin' da 'sake', duk kuwa akwai giya a ciki, wasu miyoyin kuma da naman alade ake yi. Musulmi masu koyo kan musanya da sukari da naman kaza ko na sa.

Wani sirri kuma: kwanukan nan da ke haskawa a gaban kyamara, ƙwararriya Nami Iijima ce ta tsara su daga bayan fage. Don haka mai karatu, in ƙwan ka ya ƙone a gwajin farko, kada ka jefar da kasko. Ko Kiyo ma akwai mai tsaya mata!