Kowace Manhaja da Aikinta

A Gwarzo da Kabo mun ɗora wa WhatsApp nauyin da ya fi ƙarfinsa. Lissafin adashe, bashin taki, jadawalin darasi, duk a can ake zubawa. Saƙon kuɗi ya nutse cikin gaisuwar Juma'a da bidiyo, ranar biya kuma a hau musu, zumunci ya ɓaci.

A ganina, aiki ne ya kamata ya zaɓi manhaja. Mai sayar da taki lissafi yake so, to ya riƙi Excel ko Google Sheets, domin su ne ke haɗa jimla da kansu. Ɗalibin da ke shirin JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ya nemi manhajar gwajin tambayoyi mai ƙidayar lokaci, ya saba tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malami mai tsara darasi kuwa, taswirar tunani ta fi masa. Ya rubuta jigo a tsakiya, misali noman gyaɗa, sai rassa su fita: iri, ƙasa, kwari, kasuwa. Tony Buzan na Ingila ne ya yaɗa wannan hanya a shekarun 1970, kuma XMind na yin ta a waya.

Kafin ka sauke kowace, ɗan uwa, tambayi abu biyu. Tana aiki ba intanet? Idan wayar ta ɓace, bayananka na nan? A garin da wuta da data ke wahala, wannan ya fi kyan fuskar manhaja muhimmanci.