Ranar da Ƙasa Ta Koma }asa

Bara wani marubuci ya zo mini da bukatar a sake buga littafinsa da na tace tun farkon shekarun 2000. Na tono tsohon fayil ɗin, na buɗe shi a sabuwar kwamfuta, sai gabana ya faɗi. Duk inda muka rubuta ƙasa, abin da ke kan allo shi ne }asa. Zaɓe ya koma za~e, haɗuwa ta koma ha]uwa. Wata uku na yi ina bin littafin nan layi-layi a wancan lokaci, ga shi yanzu ko ni da na tace shi sai na tsaya ina haɗa baƙi.

Wanda ya yi aikin ɗab'i a Kano ko Kaduna a wancan zamani ya san dalili. Tun shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke jan ragamar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsai da ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, kuma tsararrakin da suka tashi da karatun Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, da ita suka saba. Amma keken rubutun da ke yawancin ofisoshi bai san ta ba. Na ga akawu yana gama buga takarda, ya ɗauki biro yana bin haruffa yana lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya. Da kwamfuta ta shigo, ita ma hannu sake ta zo.

Farfesa Abdalla Uba Adamu na cikin waɗanda suka share mana hawaye a shekarun 1990, da samfuran haruffan nan biyu, Rabi'at da Abdalla. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce a ɗauki maɓallin da Hausa ba ta cika amfani da shi ba, a zana masa harafinmu. A wasu, alamomin baka aka ara. A wasu kuma q da x da v. Littattafai da jaridu masu yawa sun fito da ƙugiyarsu cif saboda wannan aiki, ni kuwa har gobe ina ganin girman waɗanda suka yi shi. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, riga kawai muka sa wa harafin. A cikin fayil q na nan q ɗinsa. Ranar da rubutun ya je kwamfutar da babu rigar, ko aka ɗora shi a intanet, sai asalinsa ya fito. Shi ya sa har yau za ka ci karo da qasa da xaya da vata a tsofaffin rubuce-rubuce.

Tsarin Unicode ne ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, wadda ba ta sauyawa ko wane samfuri aka zaɓa. Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ 0253, ta ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa kuwa 01B4. A Microsoft Word, rubuta lambar ka danna Alt da X tare, harafin zai fito. Ba wanda zai rubuta littafi ta wannan hanya, amma tana fid da mutum kunya a kwamfutar aro. Don aikin yau da kullum akwai allon rubutu na Hausa a Windows, akwai Keyman, a waya kuma Gboard na da Hausa.

Gyaran tsohon littafin bai ɗauke ni kwana ɗaya ba. Ctrl da H na danna, na sa a nemo kowace } a maye ta da ƙ, haka har na gama haruffa shida, manya da ƙanana. Sai dai a nan akwai rami, kuma na taɓa faɗawa cikinsa a wani aikin mai q da x da v. Na ba da umarnin a sauya duka lokaci guda, sai VOA ta koma ƁOA, sunayen baƙi suka rikice, lambobin Romawa na babi-babi suka wargaje. Tun daga nan nake ajiye kwafi kafin in taɓa komai, in kunna zaɓin da ke bambanta babban baƙi da ƙarami, in ware kalmomin waje in bi su da ido.

Wani ƙaramin abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne alamar 'yan da 'ya'ya. Word na ɗauka zance za ka buɗe, sai ya juya alamar ta fuskanci inda bai dace ba. Danna Ctrl da Z nan take, za ta miƙe. Haka kuma idan ka ga ƙ ɗaya ta fi maƙwabtanta kauri ko tsawo, samfurin da ka zaɓa ba shi da ita, kwamfuta ce ta aro daga wani. Charis SIL da Andika da Noto duk suna da haruffanmu cikakku, kuma kyauta ne.

Masu cewa a bar ƙugiyar, ai mai karatu zai gane, ban yarda da su ba. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Yaron da ke koyon karatu bai da abin da zai cike gurbin da shi.

Littafin ya tafi maɗaba'a a PDF da haruffansa cushe a ciki. Kafin in miƙa, na buɗe fayil ɗin a tsohuwar wayar ɗiyata, na ce ta karanta mini shafin farko da ƙarfi. Ta kai ƙarshensa ba ta yi tuntuɓe ba.