Mata masu barkwanci a Kannywood: Suna nasu, riba ta wasu

A kasuwar Jega, ko bakin titin Aliero lokacin lodin albasa, ko tashar motar Maiyama, akwai sana'ar da ba ta rasa ciniki, wato shagon cajin waya da tura fina-finai. Mutum zai miƙa wayarsa ko memori, ya biya 'yan canji, a cika masa da fina-finan Hausa da gajerun bidiyon barkwanci. Ya koma gida ya kalla da iyalinsa ba tare da ya ƙona data ba.

A cikin abin da ake turawa, da wuya a rasa fuskar Saratu Gidado, wadda kowa ya sani da Daso. Ta rasu tun 2024, amma har gobe tana sa mutane dariya. Mai shago ya samu nasa. Mai tashar YouTube da ya ɗora tsohon fim ɗin ya samu nasa. Ita kuwa wadda ta yi wasan, an sallame ta tun ranar da aka naɗe kyamara, kuma tsarin da masana'antar ke tafiya a kai bai tanadi komai ba bayan wannan.

Muguwar da ake so

An haifi Daso a 1968. Ta shiga harkar fim a shekarar 2000 da fim ɗin Linzami Da Wuta na kamfanin Sarauniya da ke Kano, daga baya ta fito a Nagari da Gidauniya da Mashi da Sansani da wasu masu yawa. Ta rasu a Kano ranar 9 ga Afrilun 2024, ranar ƙarshe ta azumin wannan shekarar, tana da shekara 56.

Rawar da aka fi ba ta ita ce ta muguwar mace: kishiya mai makirci, uwar miji mai takura, ƙawar da ke raka mutum gidan boka. A takarda, irin wannan rawa tsana take jawo wa mai yin ta. Daso ta mayar da ita abin dariya. Da harara ɗaya, ko tafa hannu, ko ta ɓarke da Turanci ana tsakiyar faɗa, sai mai kallo ya manta cewa ita ce ke rusa auren jarumar, ya koma jiran ta sake fitowa.

Inda ya kamata a tsaya a duba shi ne inda waɗannan kalamai ke fitowa. A shekarun da ta yi tashe, fina-finai da dama ba su da cikakken rubutu. Darakta zai bayyana wa 'yan wasa abin da ake so ya faru a wannan fitowa, su kuma su kawo maganar daga bakinsu. Ke nan habaicin da zambon da baƙar maganar da mata ke maimaitawa a gidan biki, akasari 'yar wasan ce ta ƙirƙire su nan take. Aikin marubuci ta yi. Amma in aka zo jera sunaye a ƙarshen fim, a layin 'yan wasa kawai za a gan ta, kuma kuɗin 'yar wasa za a ba ta.

Fim ɗin Ibro ne, ba na Dumbaru ba

Maza ma sun yi wannan aiki na ƙirƙira, sai dai wasunsu sun mayar da sunansu jari. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disambar 2014, ya kai matsayin da sunansa ne ake sayarwa: Ibro Awilo, Ibro Aloko, da sauransu. Dillali ba ya tambayar labarin, in dai sunan na jikin kwali zai saya. Wannan ya ba shi bakin ciniki a gaban furodusa, ya kuma ba shi damar shirya nasa.

Fina-finan camama ba su taɓa tafiya babu mata ba. Wanda ya kalli Ibro a farkon tashensa zai tuna Dumbaru, matar da ke tare masa gaba tana mayar masa da magana. Akwai Ladidi Tubles. In babu su, rabin dariyar ta tafi, don hannu ɗaya ba ya tafi. Amma kasuwa ba ta saba ɗora sunan mace a kan kwali ta ce ga fim ɗin wance ba. Bayan Ibro, sunayen da suka gaji fagen su ne irin su Bosho da Daushe da Naburaska da Baba Ari.

Mata sun kutsa wasu ɓangarorin. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta littattafai ta kuma shirya fim. Fauziyya D. Sulaiman ta yi suna a rubutun fim. Rahama Sadau ta shirya Rariya a 2017, Mansurah Isah ta shirya Fanan. Duk waɗannan labaran soyayya ne da zamantakewa. Barkwanci, wanda shi ne ya fi arhar shiryawa kuma ya fi saurin yawo a waya, har yanzu maza ke riƙe da alƙalaminsa da asusunsa.

Ranar da Tambaya ta yi magana

A watan Fabrairun 2022, Hajiya Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, ta bayyana a shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa. Dattijuwar da ta fara wasa tun zamanin diramar talabijin, kafin a san wani abu wai shi Kannywood, ta ce abin da ake ba ta in ta yi aiki 'yan dubbai ne ƙalilan, kuma ta kasa mallakar gida.

Masana'antar ta ɗauki zafi. Wasu manya, cikinsu har da Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi, sun fito sun ce sun biya ta fiye da haka a ayyukansu. Mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa ya goyi bayanta. Jama'a suka rabu biyu a Facebook, aka tara mata taimako, ƙura ta lafa.

An kwashe kwanaki ana gardama a kan adadi, dubu biyar ne ko dubu arba'in. Kusan babu wanda ya tambayi abin da ya fi wannan muhimmanci: ko da miliyan aka ba ta a ranar, me take samu in aka sake nuna fim ɗin a talabijin, aka ɗora shi a YouTube, aka sayar wa wata manhaja? A tsarin biyan yini, amsar ita ce babu. Shi ya sa duk bayan 'yan watanni sai an ga bidiyon wani tsohon ɗan wasa a gadon asibiti ana nema masa tallafi. Masu bayarwa suna kyautawa, amma abin da ake ba shi da sunan sadaka, a wata ƙasar haƙƙinsa ne.

Yadda wasu mata suka yi a Ostireliya

A 2002, gidan talabijin na ABC mallakar gwamnatin Ostireliya ya fara nuna wani shirin barkwanci mai suna Kath & Kim. Labarin wata uwa ce da 'yarta a wata unguwar bayan gari a Melbourne, da son burgarsu da kwaɓa Turancinsu. Jigon bai wuce abin da camama ke yi kullum ba.

Bambancin shi ne matan biyu da suka fito a matsayin uwa da 'ya, Jane Turner da Gina Riley, su suka ƙirƙiri shirin, su suka rubuta shi, kuma suna cikin masu shirya shi. Da ya karɓu, sai ya koma tashar kasuwanci ta Seven a 2007, a 2008 kuma tashar NBC ta Amurka ta yi nata samfurin. A kowane mataki, da su ake zama teburin ciniki.

Ta ukunsu, Magda Szubanski, wadda ta fito a matsayin Sharon, 'yar wasa ce kuma marubuciya tun daga shirye-shiryen barkwanci na shekarun 1980. A 2015 ta fitar da littafin tarihin rayuwarta mai suna Reckoning, wanda ya ci kyaututtuka. Da ta sanar a watan Mayun 2025 cewa tana fama da cutar kansa, 'yan ƙasarta sun yi mata ruwan fatan alheri, a matsayin mai fasahar da sunanta ke kan ayyukanta.

Ba a haɗa tattalin arziƙin Ostireliya da na Kano ba. Amma ba sai an je can ba ma. Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ke tsara waƙoƙinta masu cike da raha da zolayar kishiya, ita ke da ƙungiyar mata masu kiɗan ƙwarya, kuma da ita mai biki ke ciniki. A al'adar amada, mace mai ban dariya ita ce uwar tafiya. Da aka koma kyamara ne ta zama 'yar haya.

Waya ta buɗe ƙofa, kotu na bakin ƙofar

Yanzu ɗalibar jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, in tana da baki da waya mai kyau, ba ta buƙatar zuwa Kano neman furodusa. Za ta iya tsara abinta, ta ɗauka, ta ɗora, shafin kuma nata ne. A karon farko, mallakar da Daso ba ta samu ba tana hannun duk mai so.

Sai dai hanyar kuɗin tana da karkata. YouTube na neman mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 kafin ya fara raba kuɗin talla, kuma tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ba ya kawo abin da na Turai ke kawowa. A TikTok, abin da ya fi shigo wa masu yi a nan shi ne kyautar da ake turawa lokacin shirin kai-tsaye da tallan 'yan kasuwa. Wannan tsari ba ya saka wa wadda ta zauna ta tsara labari mai ma'ana. Wadda ta tayar da ƙura yake saka wa.

Daga nan hukuma ke shigowa. Kamun da Hisbah ta yi wa Murja Ibrahim Kunya a farkon 2024 ya zama rikicin da ya kai Sheikh Aminu Daurawa ga ajiye muƙaminsa a farkon Maris, kafin a sasanta ya koma. Maza ma ba su tsira ba. A 2008 an ɗaure Ibro kansa wata biyu a zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, a Nuwamban 2022 kuma kotu ta sa aka yi wa wasu matasa biyu bulala ashirin-ashirin saboda bidiyon da suka yi a kan Gwamna Ganduje. Amma namiji in ya fito, yakan koma sana'arsa har da ƙarin suna. Mace kuwa, abin yana bin ta har maganar aure, yana bin ƙannenta. Iyaye a Jega ko Maiyama da ke ganin wannan a waya, ba abin mamaki ba ne in suka hana 'yarsu, ko da barkwancinta bai wuce kwaikwayon yadda dillalin albasa ke taya kaya ba.

Masu korafin baɗala suna da hujja, don akwai abin da ake ɗorawa wanda babu mai son 'yarsa ta gani. Matsalar ita ce tsintsiyar ba ta bambance shara da hatsi. A watan Mayun 2025, hukumar tace fina-finan ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kai su an tace ba. In manyan kamfanoni na iya wayar gari a haka, mai ƙaramar tasha ba ta da wanda zai tsaya mata.

Abin da doka ta ce

A takarda, an samu ci gaba. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Beijing kan haƙƙin 'yan wasa a 2017, kuma a Maris ɗin 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka, wadda ta san da haƙƙin mai wasa ta kuma shafi abin da ake ɗorawa a intanet. Akwai ƙungiyar AVRS da aka ba lasisin karɓar kuɗin nuna fina-finai a madadin masu su. Tun Janairun 2024 kuma ɗan Kannywood, Ali Nuhu, ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya.

Amma kason da ɗan wasa zai samu ya dogara ne da abin da aka rubuta tsakaninsa da furodusa, kuma a nan gizo ke saƙar. A yawancin ayyuka, musamman na barkwanci, kira ake yi a waya, a yi ciniki da baki, a tura kuɗi in an tashi. Ƙungiyoyi irin su MOPPAN sun fi yin suna wajen dakatar da 'yar wasa in ta yi abin da ya jawo surutu, kamar yadda aka yi wa Rahama Sadau a 2016, fiye da tilasta wa furodusa ya kawo takardar yarjejeniya kafin a kunna kyamara.