Ispaniyanci: harda ko bincike?

Yara, idan kuka kai lise, wasunku za su koyi Ispaniyanci. Ƙasashe 20 ne suka riƙe shi harshen gwamnati. Ɗayarsu, Gine Ekwatoriyal, tana nan Afirka. To, yaya ya kamata a koyar da shi?

A ganina, harda kaɗai ba ta isa. Yaro ya hardace kalmomi, ya ci jarrabawa, kafin kaka ya manta su sarai. Gara malam ya raba aji gungu-gungu, kowane gungu da tambayarsa.

Gungu na farko ya bi sawun masara. A Meziko aka fara noma ta, ba ta ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolombo ta 1492. Na biyu ya nemo abin da ya sa "alcalde", wato magajin gari, ya yi kama da "alƙali". Zai tarar musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492, kuma kalmomin biyu daga Larabci suka fito. Daga ƙarshe kowane gungu ya yi wa aji bayani da Ispaniyanci.

Wasu malamai suna cewa littattafai sun yi ƙaranci, kuma rago zai laɓe bayan mai ƙwazo. Amma littafi ɗaya yana isar yara shida idan suna aiki tare. Rago kuwa a ba shi kasonsa, a tambaye shi gaban kowa. Kalmar da yaro ya samo da guminsa ba ta saurin ɓace masa.