Tagar gilashi ba ta san bazararmu ba

Duk ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa a Maraɗi, Ƙonni ko Magarya, in ya tashi gini yanzu sai ya ce a sa masa manyan tagogin alminiyom masu gilashi, irin waɗanda ya gani a Dubai. Kyau kam akwai shi, amma a ganina kuɗi ne ake sa wa a sayo wahala.

Gilashi yana barin zafin rana ya shiga, ya kuma tsare shi a ciki. Wanda ya taɓa barin mota a rufe cikin rana ya san zancen. Ga shi tagar da ake turawa gefe, rabinta kawai ke buɗewa. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, ɗakin da tagarsa ke kallon yamma ba ya kwantuwa sai da na'urar sanyi. To kuran ɗin fa? Ba mu manta da Agustan 2023 ba, sa'adda Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar har tsawon watanni.

Alhaji, gaya wa magininka ya sa tagogin kudu da arewa, suna kallon juna don iska ta ratsa, ya yi musu rumfa daga sama. Tagar ƙarfe mai tsaga-tsaga da masu waldar garinmu ke yi tana shigo da iska ko a rufe take. Masu kukan ƙurar hunturu suna da gaskiya, tana shiga. Sai a ƙara ƙyauren gilashi daga ciki, a rufe shi lokacin hazo kawai. Ragar sauro kuwa, kada a yi mata rowa.