Me Ya Sa Muke Goge Kanmu Daga Takardar Neman Aiki?

Makon jiya ɗan ƙanena ya kawo mini takardar tarihin karatunsa da aikinsa, wadda ake ce wa CV, in duba masa kafin ya kai ta ofishin ANPE. BEPC na nan, BAC na nan, shekara uku a Jami'ar Lome na nan. A layin harsuna ya sa Faransanci, Ingilishi kaɗan, da Ewe. Hausa kuwa, harshen da ya sha a nono, ko alamarta babu. Na ce, "Yaro, ina Hausar?" Ya ce, "Baffa, ai ba harshen ofis ba ce."

To, da wannan amsa nake rigima yau, domin ba shi kaɗai ke ba da ita ba.

Tun bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023 da rufe iyakarta da Benin, kayan Nijar masu yawa ta tashar jiragen ruwan Lome suke sauka, manyan motoci su hau hanyar Cinkassé, su ratsa Burkina Faso, su isa Yamai. Alhazan Maraɗi da Ƙonni masu waɗannan kaya, da wane harshe suke ciniki? A 2025 ma Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Kamfanin da ke fidda kaya daga duwan ba ya rasa masu Faransanci, sun cika gari. Wanda zai zauna da alhaji ya warware masa lissafi cikin harshensa shi ne da wuyar samu, kuma shi ne ya ɓoye kansa.

Haka a wajen gogewar aiki yaron nan ya rubuta "babu". Alhali shekara shida yana riƙe da littafin bashi a shagon mahaifinsa, yana karɓar kaya, yana bin masu taurin biya har gida. Wai don ba a taɓa ba shi takardar albashi ba. Aiki ne, a rubuta shi da shekarunsa, da abin da aka damƙa maka amanarsa, ba ƙari ba ragi. Wanda ya sauke Alƙur'ani kuma yana karanta Larabci, ya faɗa. Amma sai a je shagon intanet a biya a kwafo takardar wani, har da "abin sha'awa: ƙwallo da kiɗa".

Na san abin da za a ce: da zarar an ga Agoè-Zongo a adireshi, wasu sun riga sun yanke hukunci. Ba na musun haka. Unguwar da aka rushe a tsakiyar birni a 1977, aka kwashe mutanenta zuwa bayan gari, tana da dalilin yin ɗari-ɗari. Sai dai sunanka Abubakar ko Hadiza yana saman takardar. Me ka ɓoye? Ka bar abin da za a ƙi ka dominsa, ka share abin da za a ɗauke ka dominsa. Abin takaici, Bafaranshe Michel Agier littafi guda ya wallafa a 1983 kan kasuwancin iyayenmu na Zongo, jikokinsu kuwa layi ɗaya ya gagare su.

Mun sake rubuta takardar a daren nan. Hausa ta hau layi na farko, shagon ya samu layi huɗu, ƙwallo ta fita.