Tsohon jirgin kamun kifi: a auna ƙarfe kafin a zuba jari

A gaɓar Apapa da Kirikiri da ke Legas akwai tsofaffin jiragen kamun kifi na ƙarfe da aka ɗaure, tsatsa tana cin su sannu a hankali. Akasarinsu jiragen jan taru ne masu tsawon kimanin mita 23 zuwa 25, waɗanda suka shafe shekaru suna kamun jatan lande kafin tsadar man dizal da harin 'yan fashin teku su fitar da su daga aiki. Masu su na da zaɓi biyu: ko su sayar wa dillalan tsohon ƙarfe a yanka, ko kuwa a gyara su don wata sana'a. Ɗaya daga cikin sana'o'in da suka fi dacewa da su ita ce ɗaukar masu aikin nutso a ƙarƙashin teku.

Wannan dabara ta daɗe da karɓuwa a wasu ƙasashe. A mashigin Scapa Flow da ke tsibiran Orkney na ƙasar Sikotland, sojojin ruwan Jamus sun nutsar da jiragen yaƙinsu 52 da hannunsu a ranar 21 ga Yuni, 1919. Manyan jirage 7 daga cikinsu suna nan kwance a ƙasan ruwa, kuma masu nutso daga ƙasashe daban-daban suna biyan kuɗi don su gan su. Da dama daga cikin jiragen da ke kai su wurin tsofaffin jiragen masunta ne da aka sauya wa aiki. Dalili kuwa shi ne an ƙera jirgin jan taru don ya jure igiyar ruwa, filin bayansa yana da faɗi, injinsa kuma ba ya gudu amma yana da juriya.

A Nijeriya, kasuwar ta sha bamban, domin yawon buɗe ido a ƙarƙashin ruwa bai kafu ba. Amma ƙasar da ke da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853 ba ta rasa aikin nutso. Ana buƙatar masu duba bututun mai da ginshiƙan tasoshin jiragen ruwa, da masu kankare ƙasan jirage, da masu binciken jiragen da suka nitse suka tare hanya a Legas, Warri, Fatakwal da Kalaba. Bugu da ƙari, dokar sufurin gaɓar teku ta 2003 da dokar fifita 'yan ƙasa a harkar mai ta 2010 sun ba jiragen 'yan Nijeriya fifiko a irin wannan aiki.

Sai dai araha ba ta ado. Kuɗin sayen tsohon jirgi shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Tsatsa takan ci ƙarfe daga ciki, musamman a ƙarƙashin rumbun kifi inda ruwan ƙanƙara ya daɗe yana kwanciya, kuma fenti na iya rufe ɓarnar. Saboda haka wajibi ne a fitar da jirgin kan tudu, a auna kaurin ƙarfensa da na'urar da ke aiki da sauti. Bisa al'ada, masu duba lafiyar jirage sukan nemi a yanke farantin da ya rasa kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na kaurinsa, a yi waldar sabo. Wanda ya biya kuɗi kafin wannan awo ya yi cinikin biri a sama.

Bayan ƙarfe sai daidaito. Idan aka cire injin naɗe taru da dogayen sandunan jan sa, aka ɗora ɗakunan kwana, kwampireso da tukwanen iska, nauyin jirgin ya sauya wuri. Dole ne injiniya ya sake gwada yadda yake karkata kafin a ɗauki mutum ko ɗaya. Har ila yau, ana cika tukwanen masu nutso da iska mai matsi na ba 200 zuwa 300, kuma idan hayaƙin inji ya shiga bakin kwampireso, mai nutso zai shaƙi guba a ƙasan ruwa. Akwai kuma tsani ko na'urar ɗago mutum daga ruwa, da iskar oksijin ta gaggawa, da ɗakin rage matsi ga masu aiki mai zurfi. Duk waɗannan da kuɗin waje ake shigo da su, kuma babu kamfanin inshora ko na mai da zai amince da jirgin da bai da su.

A nan ne batun bashi ya shigo. Dokar 2003 ta kafa asusun tallafa wa masu jirage, wanda ake tarawa daga harajin kashi 2 cikin ɗari na kuɗin kwangilolin sufurin gaɓa, a ƙarƙashin hukumar NIMASA. Daga 2003 zuwa 2023, shekaru 20 cur, kuɗin sun yi ta taruwa ba tare da an raba wa masu jirage ba. Bankunan kasuwanci kuwa, da ruwansu mai yawa da gajeren wa'adi, ba su dace da aikin da zai ɗauki watanni a tashar gyara kafin ya kawo ko kwabo ba.

Ya kamata Ma'aikatar Harkokin Teku da aka kafa a 2023 ta ware wani kaso na asusun don sauya wa irin waɗannan jirage aiki, bisa sharuɗɗa biyu: rahoton awon ƙarfe daga mai duba jirage da aka amince da shi, da kuma takardar kwangila ko alkawarin aiki daga wanda zai yi hayar jirgin. Jirgin da ya cika su ya cancanci bashi, zai kuma samar da aiki ga masu walda, makanikai da matuƙa a tasoshin gyara na cikin gida. Wanda ya gaza a awo, gara a yanka shi tun yana da daraja a sikeli, kafin ya nitse a bakin gaɓa ya zama nauyi a kan baitulmalin gwamnati.